Cinikin Tsoro: Gidajen Fatalwa da Filayen Firgitarwa a Bikin Halowin

Shirin musamman na wannan mako zai leƙa wata sana'a da ta kafu a ƙasar Amurka, ta kuma yaɗu zuwa Turai da gabashin Asiya, wato sana'ar tsoratar da mutane da yardarsu kuma da kuɗinsu, wadda manyan wuraren shaƙatawa suke yi kowace shekara tun daga ƙarshen Agusta ko farkon Satumba har zuwa farkon Nuwamba, albarkacin bikin Halowin da ake yi a daren 31 ga Oktoba. Sana'ar ta tsayu a kan ginshiƙai biyu. Na farko shi ne gidan fatalwa, ko gidan tsoro, wani rufaffen gini mai duhu da aka yayyanka shi lungu-lungu, mutane su shiga ta ƙofa ɗaya su fita ta wata, 'yan wasa masu shigar dodanni suna afko musu daga maɓoya. Na biyu shi ne filin firgitarwa, wato wani yanki na titunan wurin shaƙatawar da aka cika da hazo da fitilu masu dishi-dishi, aka saki dodannin su yi ta yawo a cikin jama'a. Abin da shirin zai nuna shi ne, dukkan wannan ciniki ya rataya ne a kan alkawari guda ɗaya, cewa jiki zai ji kamar halaka ta zo, alhali kuwa babu abin da zai taɓa shi.

Masana tarihi suna danganta asalin bikin Halowin da wani tsohon biki na mutanen Ailan da Sikotilan mai suna Samhain, wanda ake yi idan an gama girbi hunturu ya kawo jiki, a lokacin da suka yi imani cewa shingen da ke tsakanin rayayyu da matattu yana yin rauni. Daga baya daren ya zo daidai da jajibirin ranar tunawa da waliyyai ta Kiristocin Yamma, wadda ake yi ranar 1 ga Nuwamba, sannan 'yan ci-rani daga Ailan, musamman waɗanda yunwar da ta fara a 1845 ta koro, suka tsallaka da al'adar zuwa Amurka. A can ne ɓangaren addinin ya dushe, bikin ya koma na yara masu shigar burtu da ke bin gida-gida suna karɓar alewa, da na kabewar da ake rarakewa a yanka mata ido da baki a kunna kyandir a ciki. Ya kuma zama babbar kasuwa, domin ƙungiyar 'yan kasuwar sari-ka-sayar ta Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kaɗai jama'a za su kashe dala biliyan 12.2 a kan kayan bikin.

Sai dai sayar da tsoro ya girmi wuraren shaƙatawa na zamani. A 1802 Marie Tussaud, wadda ta ƙware wajen ƙera siffofin mutane da kakin zuma, ta bar Faransa zuwa Birtaniya da kayanta, ciki har da siffofin kawunan mutanen da aka fille wa kai a juyin juya halin Faransa, kuma da ta kafa gidan nuninta na dindindin a Landan a 1835, sai ta ware wa waɗannan abubuwa ɗaki na daban wanda sai an ƙara kuɗi ake shiga. A 1862 kuma, wani masanin kimiyya mai suna John Henry Pepper ya nuna wa mutanen Landan wata dabara da har yau ake kira da sunansa: ana kafa faffaɗan gilashi a karkace tsakanin dandali da 'yan kallo, a ɓoye ɗan wasa a wani ɗaki da ba a gani, idan aka haska shi da fitila sai hotonsa ya bayyana a jikin gilashin shara-shara, ana hango abin da ke bayansa ta cikin jikinsa, idan aka rage hasken kuma ya ɓace ɓat. A birnin Paris, gidan wasan kwaikwayo na Grand Guignol ya shafe daga 1897 zuwa 1962 yana nuna wasannin yanka da zubar da jini na ƙarya. A Amurka kuwa, a shekarun 1930 lokacin da tattalin arziki ya karye, ɓarnar da samari ke yi a daren Halowin ta ishi iyaye, har suka fara shirya musu ɗakunan tsoro a ƙarƙashin gidaje domin a ɗauke hankalinsu daga fasa kayan mutane.

Wuraren shaƙatawa sun shigo harkar gadan-gadan ne bayan watan Agusta na 1969, lokacin da Disneyland da ke Kalifoniya ya buɗe gidansa mai suna Haunted Mansion, inda fatalwowin da ke rawa a babban zaure ba komai ba ne illa waccan dabarar gilashi ta Pepper. Karɓuwar da gidan ya samu ta nuna cewa akwai riba a harkar, kuma a shekarun 1970 ƙungiyoyin sa-kai na matasa suka riƙa gina irinsa a garuruwa domin tara kuɗin taimako. A watan Oktoba na 1973, wurin shaƙatawa na Knott's Berry Farm da ke Buena Park, shi ma a Kalifoniya, ya yi abin da ya zama samfuri ga kowa, wato ya mayar da dukkan harabarsa dandalin tsoro na tsawon dare uku. Kamfanin Universal ya bi sahu a Orlando ta jihar Florida a 1991, shi ma da dare uku da gida guda ɗaya, a shekarar da ta biyo baya ya raɗa wa bikin suna Halloween Horror Nights, kuma a 'yan shekarun nan bikin yakan ɗauki fiye da dare 40, da gidaje goma da filayen firgitarwa kusan biyar.

Dalilin wannan bunƙasa lissafin kasuwanci ne. Wuraren shaƙatawa na Amurka suna cin kasuwarsu ne a lokacin dogon hutun makarantu, daga Yuni zuwa Agusta, da zarar ɗalibai sun koma aji kuma sai jama'a su ja baya, liluna da jiragen wasa na miliyoyin daloli su zauna ba masu hawa. Bikin Halowin ya cike wannan giɓi, har ma ya ba wasu kamfanonin damar sayar da wuri ɗaya sau biyu a rana ɗaya: da yamma a sallami baƙin rana, a share wurin, sannan a sake buɗe ƙofa ga masu tikitin dare, waɗanda galibinsu samari da 'yan mata ne da manya. A kan kuɗin shiga akwai tikiti na musamman mai tsada ga wanda ba ya son dogon layi, domin a daren da aka cika, jiran shiga gida ɗaya yakan wuce awa guda, alhali ratsa gidan kansa 'yan mintoci ne. Kamfanoni kuma sukan yi yarjejeniya da masu finafinai da shirye-shiryen talabijin na ban tsoro, irin su The Walking Dead da Stranger Things, a gina ɗakunan da mai kallo ya saba gani a allo, ya shiga cikinsu da ƙafarsa.

A cikin gidan tsoro babu abin da aka bar wa sa'a. Ana ƙuntata hanyar, a yawaita mata kwana, ta yadda mai tafiya ba zai hango abin da ke gabansa da nisa ba, a rataya tsummoki ko zaruruwa a bakin ƙofofi domin su shafi fuska a cikin duhu, a kuma fesa warin ƙasa mai danshi ko na ruɓaɓɓen nama ko na ƙonewa gwargwadon labarin da ɗakin yake bayarwa. Babbar dabarar ita ce karkatar da hankali. A ɗakin da aka shirya kamar na tiyata, alal misali, za a kwantar da gunkin gawa a kan tebur a ƙarƙashin fitila ɗaya tilo, hannunsa yana ɗan motsi, idon kowa ya koma can, ana cikin haka sai wani allo da ke jikin bangon hagu, wanda aka yi masa fenti ya saje da bangon, ya faɗo ƙasa da ƙara, fuskar ɗan wasa ta leƙo daf da kunnen mai wucewa. A manyan gidaje ɗan wasan yana da maɓalli a hannu ko abin takawa a ƙasa, wanda da ya danna sai walƙiya da kururuwar da aka naɗa su tashi tare da fitowarsa, ya koma maɓoyarsa cikin daƙiƙa biyu ko uku, ya jira na gaba.

Akwai wata ƙa'ida da masu sana'ar suke kira tsoratarwa zuwa gaba. Tun da dubban mutane ne za su ratsa gidan a dare ɗaya, kuma a manyan wurare ana sakin su ne a jere ba yankewa, to ɗan wasan da ya tare hanya ta gaba zai sa mutane su ja da baya su tattake na bayansu, layin ya cushe. Saboda haka ake koya wa 'yan wasa su fito daga gefe ko daga baya, domin wanda ya razana ya zabura gaba, firgicin da kansa ya zama abin da ke tura jama'a zuwa ƙofar fita. Ana kuma jera maɓoya a wurare daban-daban don kada na gaban layi ya shanye dukkan firgicin, na tsakiya da na baya su tashi a tutar babu. Aikin yana da wahala ga jiki da murya, ga zafin abin rufe fuska na roba, shi ya sa manyan wurare ke raba 'yan wasa rukuni biyu masu karɓa-karɓa a tsawon dare.

Filin firgitarwa yana da nasa tsarin. A nan babu bango kuma babu layi, titi ne da kowa zai bi idan yana son zuwa wani sashe na wurin, an turnuƙe shi da hazon da injuna ke fitarwa ta hanyar dumama wani ruwa na musamman, ana jin kiɗa mai nauyi daga lasifikokin da aka ɓoye. Amfanin filin ga kamfani shi ne ya ɗauke dubban mutanen da gidaje ba za su iya ɗauka a lokaci ɗaya ba, ya kuma hana tsoron hucewa tsakanin gida da gida. Ɗan wasan fili yana zaɓen abin farautarsa ne da ido, kuma gogaggu a cikinsu sun san cewa wanda ya sunkuyar da kai yana latsa waya, ko wanda ya maƙale a hannun abokinsa, ya fi saurin zabura fiye da mai tafiya yana raba ido. Biyu daga cikin kayan aikinsu sun yi suna. Ɗaya shi ne zarto mai inji, irin na masu yankan katako, wanda ake cire masa sarƙar da ke yanka, ya rage sai ruri da warin fetur, amma duk da haka da an tayar da shi a bayan taro sai a ga mutane sun watse. Ɗayan kuma salo ne da 'yan wasan Knott's suka shahara da shi: ɗan wasa yana ɗaura kariya mai tauri a gwiwa da ƙarafa a yatsun safar hannu da bakin takalmi, ya sheƙo a guje daga cikin hazo, ya zube a gwiwa ya sulalo a kan kwalta, ƙarfen yana ƙara yana fitar da tartsatsi, ya tsaya cak a gaban ƙafafun mutum.

Tambayar da ta daɗe tana jan hankalin masana ita ce, me zai sa mai hankali ya biya kuɗi a razana shi? Amsar ta fara ne daga yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Akwai wani ɗan ƙaramin sashe a can cikinta da ake kira amigdala, wanda aikinsa shi ne ankarar da jiki game da haɗari tun kafin tunani ya gama tantance abin da ido ya gani, kuma da ya yi kira sai jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jini ya kwarara zuwa ga tsokoki domin gudu ko faɗa. Bayan ƙiftawar ido sai sashen tunani da ke gaban ƙwaƙwalwa ya tuna cewa wannan dodon ma'aikaci ne da ke jiran albashi, kuma zarton ba shi da haƙora, nan take sai ƙarfin da ya taru ya rasa inda za shi, ya fita a matsayin dariya. Wannan ne ya sa a ƙofar fita ake jin ihu da shewa a haɗe. Masanin halayyar ɗan Adam Paul Rozin na Jami'ar Pennsylvania ya sa wannan a sahu ɗaya da cin barkono, inda harshe ke kai ƙarar cewa yana ƙonewa, mai ci kuma ya san babu wuta, sai ya ƙara barbaɗa yaji a kan tsirensa yana hawaye yana jin daɗi.

An gwada wannan bayani a fili. Masu bincike na Jami'ar Aarhus da ke ƙasar Denmark, ciki har da Marc Malmdorf Andersen da Mathias Clasen, sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya, suka ɗauki hotonsu na bidiyo yayin da suke ratsa wani gidan tsoro mai suna Dystopia a garin Vejle, sannan suka tambaye su yadda suka ji. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa jin daɗi yana ƙaruwa tare da tsoro har zuwa wani mataki, daga nan kuma idan tsoron ya ci gaba da hawa sai daɗin ya fara raguwa, ma'ana wanda bai tsorata ba ya yi asarar kuɗinsa, wanda ya tsorata fiye da kima kuma ya sha wahala. A Amurka ma, masaniyar zamantakewa Margee Kerr ta Jami'ar Pittsburgh ta yi nazari a kan masu shiga wani gidan tsoro na birnin, ta gano cewa da yawansu sun fito da walwala fiye da yadda suka shiga. Sharaɗin da ke ƙarƙashin duka wannan shi ne zaɓi da aminci, wato mutum ya shiga da ƙafarsa, kuma ya tabbata zai fita lafiya.

Saboda wannan sharaɗi ne manyan wurare suka kafa dokar hana taɓawa: ɗan wasa ba ya taɓa baƙo, baƙo kuma ba ya taɓa ɗan wasa, wanda ya kai duka, ko da cikin razana ne, ana iya fitar da shi daga wurin. Galibi ana hana baƙi rufe fuska domin a bambance ma'aikaci da wanda ba ma'aikaci ba, ana binciken jaka a ƙofa, akwai kuma ma'aikata masu baƙaƙen kaya da tocila a tsaye a lungunan gidan suna lura da tafiyar layi.

Mafi tsananin dokokin kuwa an same su ne bayan an yi rashi. A ranar 11 ga Mayu, 1984, gobara ta tashi a wani gidan tsoro mai suna Haunted Castle a wurin shaƙatawa na Six Flags Great Adventure da ke jihar New Jersey, ta kashe matasa takwas. An haɗa ginin ne da bodin tireloli da aka jera, aka yi masa ado da katako da soso da sauran abubuwa masu saurin kamawa, kuma babu famfunan rufi masu feshin ruwa da kansu idan wuta ta tashi. Abin da ya ƙara muni shi ne, duk abin da ke sa gidan tsoro ya yi aikinsa, wato duhu da ruɗaɗɗiyar hanya da ihu da hayaƙi, shi ne kuma ke hana mutum gane cewa wannan karon haɗarin na gaske ne. An gurfanar da kamfanin a gaban kotu, aka wanke shi a 1985, amma a shekarun da suka biyo baya an sake rubuta ƙa'idojin kiyaye gobara na Amurka, aka ware babi na musamman ga irin waɗannan gine-gine. A yau ana buƙatar famfunan feshin ruwa, da na'urorin da ke jin hayaƙi, da alamun hanyar fita har a kusa da ƙasa inda mai rarrafe zai gani, da tsarin da zai kashe kiɗa da walƙiya ya kunna fitilu masu haske da zarar ƙararrawa ta buga.

Bayan batun lafiyar jiki, akwai na mutunci. Shekara da shekaru gidajen tsoro suna amfani da siffar asibitin masu taɓin hankali, suna nuna majinyata a matsayin makasa, abin da iyalan marasa lafiya da masu kare haƙƙinsu suka daɗe suna kuka da shi, domin yana ƙara wa masu lalurar tsangwama. A 2016 irin wannan koke ya sa Knott's ya rufe wani sabon wasa da aka gina labarinsa a kan wata majinyaciya a asibiti, 'yan kwanaki kaɗan da buɗe shi. Ta fuskar addini kuma, Musulmi da dama da wasu ɗariƙun Kirista a Amurka suna ƙaurace wa bikin baki ɗayansa saboda asalinsa da kuma wasa da siffofin matattu da shaiɗanu.

Duk da haka sana'ar sai yaɗuwa take yi. A Ingila akwai bikin Thorpe Park da na Alton Towers, a Jamus akwai na Europa-Park, a Hong Kong akwai na Ocean Park, Universal kuma ya kai nasa Singafo da Japan, ƙasar da tun da can take da tata al'adar gidajen fatalwa, waɗanda aka fi shiga a lokacin zafi. Ko annobar korona ta 2020, wadda ta sa aka soke manyan bukukuwan Amurka, ba ta kashe kasuwar ba, domin a Tokyo wasu 'yan wasa sun koma tsoratar da mutane suna zaune a cikin mota an ɗaga gilashi. A 2025 kuma Universal ya buɗe wani wurin tsoro a Las Vegas da ke aiki duk shekara, ba sai Oktoba ba.

Ga masu sauraro da karatu ko aiki ya kai su waɗannan ƙasashe, ko waɗanda 'ya'yansu ke tasowa a can, abin lura shi ne, bukukuwan dare irin waɗannan ba na yara ba ne, Universal da kansa yana gargaɗin cewa nasa bai dace da wanda bai kai shekara 13 ba. Wuraren sukan kuma liƙa sanarwa ga masu ciwon zuciya da masu juna biyu, da masu farfaɗiya saboda fitilu masu walƙiya, da masu asma saboda hazo. Duk wanda abokai suka gayyata, ya karanta wannan sanarwa kafin ya sayi tikiti, ya duba inda ƙofofin fita suke da zarar ya shiga, kada kuma a matsa wa wanda ya ce ba ya so.